Taura Uku a Baki Ɗaya

Wata Laraba a zangon karatun da ya wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina tsugune a wani shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ina ƙirga cajoji, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne a guruf ɗin ajinmu. Shugaban aji ya rubuta cewa malamin dokar kwangila ba zai samu zuwa ranar Juma'a ba, don haka tes ɗin da aka sa ranar an dawo da shi yau ƙarfe biyu, kowa ya hallara.

Daga inda nake zuwa ƙofar makarantar nan tafiyar awa uku ce in hanya ta yi kyau, ban da jiran mota ta cika. Na bar rabin kayan da na je saya, na tari Adaidaita zuwa tasha, na biya kuɗin kujera biyu don direba ya tashi da wuri. Uku da 'yan mintuna na shigo, na tarar ana fitowa. Maki 20 suka tafi a haka. Da sakamako ya fito, maki 4 ne suka hana ni tsallakewa, yanzu haka ina ɗauke da kari-oba a kwas ɗin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba da ka na zaɓi Laraba ba. Jadawalin da sashenmu ya manna a allo ya nuna ba mu da lakca ko ɗaya a ranar. A kansa na gina makon nawa gaba ɗaya.

Ina aji biyu na diflomar shari'a. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, Allah Ya ji ƙansa. Kawuna ne ya buɗe mini ɗan teburin kayan waya kusa da ƙofar makaranta, caja da iyafis da gilashin fuska, muna raba riba. Daga nan nake biyan kuɗin rijista da na ɗaki, daga nan nake tura wa Inna abin cefane. Duk mako biyu sai na je Kano sari, duk ƙarshen wata kuma sai na leƙa gida na ga lafiyarta da ta ƙannena. Aji, shago, hanya. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, to ni uku ce a bakina, kuma babu wadda zan iya tofarwa.

Na rubuta wannan ne don na faɗi abu ɗaya da na yi imani da shi: ɗalibin da ke haɗa karatu da neman abinci zai iya jure wahalar aiki, zai iya jure gajiyar hanya, abin da ke kayar da shi shi ne rashin tabbas. Kuma maganin wannan yana hannun makaranta da ƙungiyarmu ta ɗalibai, ba ya cin ko sisi.

Muna da yawa

Ɗan'uwa ɗalibi, gobe in ka shiga aji ka waiga hagu da dama. Wancan da ke gyangyaɗi a bencin baya, wataƙila gadi ya kwana yi. Wanda ke fita da sauri ana gama lakcar ƙarfe huɗu, Adaidaitar wani yake karɓa ya yi na yamma. Akwai masu POS, akwai teloli, akwai masu gyaran waya, akwai masu koyarwa a firamare mai zaman kanta da safe ko Islamiyya da yamma. Wata yaya a ajinmu matar aure ce da 'ya'ya uku, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa ta WhatsApp, kuma kullum daga wani gari take zuwa da motar safe. Idan damina ta sauka kuwa, kowa ya san yadda aji ke raguwa ranar Litinin, don wasu sun tafi noman Asabar da Lahadi motar dawowa ta ƙi samuwa.

Ba sha'awa ta sa mu haka ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin abinci ya bi kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Uban da ke karɓar haka, ko ɗan abin da ya ɗara haka, yana da 'ya'ya shida a gida, ta yaya zai riƙe ɗaya a makaranta ba tare da yaron ya taɓuka wani abu ba? Lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage wa waɗanda suka cancanta zafi, amma naira 20,000 na ɗawainiya a wata, duk wanda ke sayen garin kwaki da kuɗinsa ya san iya inda za ta kai shi.

Duk da haka tsarin makaranta yana tafiya ne kamar kowane ɗalibi yana kwance a hostal daga safe zuwa dare yana jiran a kira shi. Irin wannan ɗalibin akwai shi, Allah Ya ƙara masa rufin asiri. Sai dai ba shi kaɗai ya biya kuɗin rijista ba.

"Ka tsara lokacinka"

Duk wanda na kai wa kukana, shawarar ɗaya ce: ka tsara lokacinka. Wallahi na tsara. Ina da littafin da na raba kwanakin mako awa-awa. Amma tsari sai da abin da za a jingina shi. Magini ba ya ɗora bulo a kan tushen da ke motsi. Idan lakcar Litinin takan koma Asabar ba sanarwa, ta safe takan koma yamma da saƙon da aka turo ƙarfe sha ɗaya na dare, tes ɗin Juma'a yakan dawo Laraba, to me zan gaya wa Kawu game da ranar da zan buɗe shago? Me waccan yayar za ta gaya wa maigidanta da wadda ke riƙe mata yara?

Abin dariya a ciki, a kwas ɗin da na faɗi ne aka koya mana cewa idan mutum biyu suka ƙulla yarjejeniya, ɗaya ba shi da ikon sauya sharaɗi shi kaɗai ba da yardar ɗayan ba. Na san jadawalin lakca ba kwangilar da za a kai kotu ba ce, kada 'yan ajinmu su taso ni a gaba. Amma alkawari ne. Makaranta ta ce ga lokacin da nake bukatarka, ni kuma na ɗauki sauran lokacin na jinginar da shi wurin wasu mutane, masu saye da mai jari da uwa.

Akwai kuma wata tsohuwar shari'a da kowane ɗalibin doka ya sani, wadda aka yanke a Birtaniya a 1932, ta wata mata a Sikotland da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon da aka saya mata. A mota na karanta ta, tsakanin buhun albasa da wani dattijo mai carbi. Abin da alkali Lord Atkin ya kafa a cikinta shi ne, a idon doka maƙwabcinka shi ne duk wanda ya kamata ka hango cewa aikinka zai taɓa shi, don haka wajibi ne ka yi hattara da shi. Ko kafin Bature ya faɗa, addini da tarbiyyar gida sun gaya mana haƙƙin maƙwabci. Mai sauya lokacin tes da saƙo guda, mutum ɗari ne maƙwabtansa a wannan minti, kuma wasunsu suna kan titi.

Washegari na je ofishin malamin. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, jiya ina Kano saƙon ya same ni, ga rasit ɗin kayan da na saya, akwai kwanan wata a jiki." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, karatu ka zo yi ko kasuwanci?" Na yi shiru, don ba a jayayya da malami. Amma amsar tana bakina har yau: in babu kasuwancin, ranka ya daɗe, babu karatun.

Su ma suna da tasu

Adalci shi ne na faɗi ɗaya ɓangaren, tunda abin da ake koya mana ke nan. Malamin nan ba mugu ba ne. Daga baya na ji taro aka sa masa ranar Juma'ar, shi ma a ƙurarren lokaci aka gaya masa. Malami guda yana ɗaukar 'yan ND da 'yan HND da 'yan karatun ƙarshen mako, ɗakunan lakca ba su isa ba, wani lokaci ajin da ya riga shiga shi ke da ɗaki. Tsadar man da ta dake mu ta dake su. Cikinsu akwai masu zuwa daga wani gari, akwai masu gona, akwai masu ɗan shago kamar nawa.

Sannan mu ɗalibai mun ɓata wa kanmu suna. Akwai wanda kakarsa ta rasu sau uku a zango ɗaya. Malamin da aka yi wa irin wannan ƙaryar shekara goma, in ya ƙi yarda da rasit ɗina ba zan ga baƙinsa sosai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma masu cewa, ai shi ya sa aka buɗe karatun ƙarshen mako, mai aiki ya koma can. Magana ce mai kama hankali, amma ba kowane kwas ke da shi ba, kuɗinsa yakan fi yawa, kuma Asabar da Lahadi su ne ranakun cinikin mai ƙaramar sana'a. Wasu kuma na cewa in aka ɗaure malami da doka, zai riƙa soke lakca kawai maimakon ya sauya mata lokaci, a ƙarshe ɗalibai ne da asara. Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa ban ce a hana sauyi ba. Cewa na yi a sanar da wuri. Uzurin malami yana iya sa a ɗage abu zuwa gaba, wannan kowa zai iya shirya masa. Matso da shi kusa ne ke yanka mutum, don ba wanda ke iya dawo da jiya ya yi karatu a cikinta, ko ya naɗe titin Kano ya sa a aljihu.

Namu gyaran

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu masu taura uku akwai abubuwan da ya kamata mu gaya wa juna ba tare da kunya ba.

Na farko, mu daina fakewa da aiki. Na sha ce wa kaina ba ni da lokacin karatu, alhali daren na ƙare shi a gidan kallon ƙwallo. Awa biyun nan da na ba Arsenal, da babi guda na ba.

Na biyu, sa hannu a takardar halarta a madadin wanda bai zo ba. Mun mayar da shi zumunci, har ana jin haushin wanda ya ƙi. Ni ma an yi mini, na yi wa wasu, kuma na daina. Dokar halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarabawa tana da tsauri a kanmu, amma ina goyon bayanta. Mai son zama lauya ko magatakardan kotu ya fara da kwaikwayon sa hannun wani, ina za a je da shi? Haka mai karanta aikin injiniya ko harhaɗa alkaluman kuɗi. Shi kuwa zancen "a ga malam" da ambulan bayan jarabawa, wanda ya san zafin neman naira ɗari a rana bai kamata ya kai guminsa can ba.

Na uku, mu yarda cewa dole wani abu ya yi asara, sai dai mu zaɓa da idonmu a buɗe. Bayan abin da ya faru na zauna da Kawu. Na ce, "Kawu, daga yanzu in jarabawa ta rage mako biyu ba ni ba hanya, shagon ma rabin yini zan riƙa buɗewa." Ya yi shiru, ya ce, "To ribar fa?" Na ce a cire daga kasona. Ya dube ni ya ce, "A'a, a cire daga na kowa. Ai ba don caja na sa ka a nan ba." Tun daga nan na rage zuwa Kano. Na samu amintaccen mai shago da nake tura wa jerin kaya da kuɗi, ya haɗa ya ba direban tasharmu, in karɓa da yamma. Wani lokaci akan haɗo da kayan da ba su na ce ba, riba ta ragu, amma kwana biyu a wata sun dawo hannuna.

Tafiyar da ba makawa kuma na mayar da ita aji. Nakan karanta darasi da bakina na ɗauka a waya, in saurara a mota, don karatun takarda a kan ramuka jiri yake sa ni. Na kuma yi wa Inna alkawarin ba na tafiyar dare, ko da kwana a tasha zai kama. Mu huɗu ne muka haɗa zaman bita bayan isha'i, duk masu aiki, wanda ya samu lakca ya maimaita wa wanda ya rasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na gano ma cewa abin da ka koya wa wani ya fi zama a kai.

Duk wannan na yi, kuma saƙo guda na ƙarfe sha ɗaya zai iya sake rusa shi. Shi ya sa maganar ta wuce ta mutum ɗaya.

Roƙona ga ƙungiya

Shugabanninmu na ƙungiya, mun gode da makon al'adu da gasar ƙwallo, muna jin daɗinsu. Amma ga abubuwa huɗu da nake roƙon ku kai gaban hukumar makaranta a rubuce.

Ɗaya, duk wani tes ko aikin da ke ɗauke da maki a sanar da shi aƙalla mako guda kafin ranar. Ana iya ɗage shi gaba, amma kada a matso da shi kusa.

Biyu, sauya lokacin lakca ya zama da sanarwar kwana biyu. In uzuri ya taso ba zato aka yi ta a wani lokaci, kada a ɗauki sunayen mahalarta a ranar, kada a yi tes.

Uku, a samar da hanyar da ɗalibin da ya rasa tes zai kai uzurinsa da hujja gaban shugaban sashe, a duba, in ya inganta a sake masa, in ƙarya ce a hukunta shi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Na san kotuna da makamantansu yake nufi, amma makarantar da ke koyar da shi ta fi kowa cancantar aiki da darasinsa. Wannan zai sauke wa malamai ma nauyi, don ba sai kowannensu ya zama alkali a ƙofar ofishinsa ba.

Huɗu, ƙungiya ta ƙirga mu. A lokacin rijista a sa tambaya biyu a fom ɗinta: kana aiki ko sana'a? Daga ina kake zuwa kullum? In kuka shiga ofishin shugaban makaranta da alkaluma a hannu, maganarku za ta fi nauyi da in kun shiga da labarin mutum ɗaya irina.

Babu ɗaya cikin huɗun nan da ke bukatar kwangilar gini ko kuɗi daga Abuja. Takardar sanarwa ce guda da sa hannun magatakarda.

Dalilin da ya sa na damu

Hanyar da na ɗauko doguwa ce. In na gama difloma sai na nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun JAMB, na yi shekara huɗu, tunda digirin shari'a shekara biyar ne. Daga nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda a Kano da na Yola, shekara guda cur ta cikakken lokaci kafin a kira mutum lauya. A kowane mataki ana tankaɗe, kuma na lura ba koyaushe marasa ƙoƙari ke zubewa ba. Sau da yawa marasa gata ne. Wani da muka fara tare, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya bari a ƙarshen aji ɗaya bayan kari-oba uku. Yanzu lodi yake yi a tasha, shi ke miƙo mini kwalin kayana in direba ya iso. Duk ranar da muka haɗu sai ya tambaye ni ina aka kai a dokar laifuka.

In aka bar wannan rariyar yadda take, 'ya'yan masu hali ne kawai za su riƙa sa baƙar riga da farin gashi. Ba na hassada da su. Amma ranar da mai shayi ko matar da aka danne wa gado za su tsaya gaban kotu, yana da kyau a samu lauyan da ya san yadda ake ƙirga canji da yadda ake jiran mota ta cika. Haka yake a kowane sashe na makarantar nan, daga injiniyanci zuwa aikin banki.

Yanzu duk Talata ina zama da ƙannenmu 'yan aji ɗaya ina maimaita dokar kwangila, wurin malamin nan dai. Muna gaisawa lafiya lau, ranar nan ma gilashin wayarsa ni na manna masa. Sabon jadawali na nan manne a jikin teburina, ya ce Laraba babu lakca. Wannan Larabar dole na je Kano da kaina, don akwai kayan da sai an gani da ido. Zan tafi da motar farko bayan asuba, waya a hannu, ina leƙa guruf duk bayan minti goma.

Za a yi babban taron ƙungiya kafin jarabawa. Ni zan je, zan rufe shago na je. Masu POS da masu Adaidaita da 'yan'uwanmu mata masu zuwa da motar safe, ku ma ku ba da wannan awa biyun. Allah Ya sa albarka a karatunmu da nemanmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.